Hukuncin ɗanɗana farar giya da tsinkar inabinta a Faransa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan Maraɗi ne, ina koyon girki da hidimar otal a Dijon. A darasi ana kawo mana farar giyar Chablis, mu duba launinta, mu shinshina, mu kurɓa mu juya a baki, sannan mu tofar a kwano, domin mu gane wadda ta dace da kifi. Ba na haɗiyewa. Kuma a watan Satumba na yi kwana 10 ina tsinkar inabi a wata gona a Chablis, an biya ni. Wani ya ce mini Imamu Abu Hanifa ya halatta irin wannan aiki. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya ƙara maka tsoronsa, domin wanda bai damu da addininsa ba ba ya yin tambaya daga uwa duniya.

Giyar inabi haramun ce babu saɓani, fara ce ko ja. Kurɓa da tofarwa ma bai halatta ba, saboda umarnin da ya zo a Suratul Ma'ida na nisanta ne, kuma wanda ya cika bakinsa da abin da barasarsa ta kai kashi 12 cikin 100 bai nisance shi ba, balle ma ba a rasa ɗan abin da zai bi yawu ya wuce. Kada a yi maka ƙiyasi da mai azumin da ke ɗanɗana miya, ita miya halal ce a asalinta.

Inda nake so ka tsaya shi ne sunan wurin da ka ambata. Da cewa ka yi gonar inabi kawai, da na tambaye ka ina ake kai shi. Amma Chablis, a arewacin Burgundi, inabin Chardonnay ake nomawa domin giya, kuma abin da ka tsinka da almakashinka matsewa aka nufa da shi. Ba zato kake yi ba, sani ka yi, kuma wannan sanin ne ya sauya hukuncin.

Gaskiya ne littattafan Hanafiyya sun kawo halaccin sayar da ruwan inabi ga mai yin giya, bisa hujjar cewa saɓon ba ya cikin ruwan kansa sai bayan ya canza, kuma wani ne zai aikata da zaɓinsa. Muna girmama Imamin, amma wannan ra'ayi mai rauni ne. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai matsa ta. To, a lokacin da ake matsawa, abin da ke zuba ruwa ne mai zaƙi wanda ko yaro zai iya sha, bai ruɓa ba, bai fara bugarwa ba, amma duk da haka la'anar ta hau kansa saboda abin da aka nufa. Da hujjar canzawa ta tsaya, da mai matsawa ya kuɓuta. Tsakanin hannunka da na mai matsawa kuwa kwando ɗaya ne. Shi ya sa Malikiyya, mazhabar da ka tashi a kanta, da Hanabila suka hana, domin toshe ƙofar ɓarna. Ko a batun ɗaukar wa kafirin amana giya da lada, wanda Abu Hanifa ya halatta, almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, ba su bi shi ba.

Kuɗin da ka karɓa cikin rashin sani, ina ganin ka ci abinka, ka yi istigfari, kada ka koma. In bukata ta matsa, akwai gonakin inabin ci, irin inabin Chasselas da ake nomawa a Moissac, a kudancin Faransa.

Game da darasin, ka sami malaminku kai kaɗai, cikin ladabi, ka nemi a canza maka da wani aiki. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne sabo: kullum kana jin ana yabon ƙamshinta da daɗinta a kan kifi, sai ƙyamarta ta fita daga zuciyarka ba ka ankara ba. Ka karkata ga sashen burodi da kayan zaƙi ko girki zalla, ka kuma riƙe masallacin da ke kusa da kai da abokai masu salla.

Allah ne mafi sani.