Tambaya da Amsa: Ɗaukar hoton husufin rana in akwai gajimare

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan Garwa ne a nan Kamaru, ina ɗan taɓa ɗaukar hoto a gidajen biki. Na ji ana cewa rana za ta yi husufi a 2027 kuma wai cikin damina ne, to in gari ya haɗa hadari ai gajimaren ya tare hasken ko? Zan iya ɗauka da waya ko kyamara haka nan ba tare da wani gilashi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh gaskiya ne, ranar 2 ga Agusta 2027 ne da hantsi. Waɗanda za su ga ta rufe ruf su ne mutanen wasu sassan ƙasashe irin su Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar da Saudiyya, a wajen birnin Luksor na Masar ma duhun zai haura minti 6. Mu nan Garwa da Marwa har Injamena gefe kawai wata zai cinye, kuma ka san Agusta, ruwa ba ya shawara da kowa.

Amma maganar gajimare ya tare haske, a nan ne mutane ke cutar kansu. Ƙyallin yake ragewa har ka ji idonka ya iya jurewa, alhali hasken da ke ƙona cikin ido yana ratsowa, ba kuma za ka ji zafi a lokacin ba sai daga baya ka ga wani tabo a tsakiyar ganinka. Ga shi gajimare tafiya yake, cikin daƙiƙa ɗaya sai ya yaye. Baƙin tabarau na gayu da gilashin da aka turara da hayaƙi da kallo cikin kwanon ruwa duk ka bar su. Ka nemi tabarau na husufi mai lamba ISO 12312-2, in bai samu ba ka je wajen masu walda ka ce gilashi mai lamba 14 kake so, don yawancin wanda suke aiki da shi bai kai haka duhu ba.

Gilashin a gaban lens, wato idon kyamara, ake sa shi, sannan allo za ka riƙa kallo, kada ka kuskura ka leƙa ta ƙaramar tagar kyamara. In gajimaren ya yi kauri za ka ga hoton ya yi baƙi ƙirin, to nan kana iya ɗage gilashin ka ɗauka da sauri ka mayar kafin ya buɗe, idonka dai na kan allo. Ni a ganina irin wannan hoton ma ya fi kyau, rana kamar an gutsure gefenta tana ratsa girgije.

A waya ka danna kan ranar ka riƙe har ta kulle, ka ja hasken ƙasa sosai, kada ka cika zum don hoton fashewa yake. Ka kafa ta a kan wani abu ka saki bidiyo ya yi ta tafiya, daga baya ka tsinci inda ta leƙo.