Zan kai iyali Tabuka a watan Janairu: otal ko shiƙƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Madina nake zaune. Aiki zai kai ni Tabuka na mako guda a watan Janairu, zan tafi da maiɗakina da yara uku, da mahaifiyata da ta zo Umara daga Kano. Wane irin masauki ya dace da mu, kuma me za a nema a wajenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ku lafiya.

Ka fara cire otal-otal ɗin alhazai daga ranka. Tabuka ita ce hedikwatar lardin da ke arewa maso yammacin ƙasar, kusan kilomita 700 daga Madina, kuma baƙinta galibi ma'aikata ne da masu wucewa. Ba wakilin da zai tarbe ku da makulli, da wuya kuma ka samu mai jin Hausa a teburin karɓar baƙi.

Takardu su ne kan gaba. Masaukai a Saudiyya suna shigar da bayanan baƙo cikin tsarin Shumus na ma'aikatar cikin gida, saboda haka ba batun "ai mun san juna". Ka riƙe iƙamarka, wato katin izinin zama a ƙasar, da ta iyali, ka tabbata ba wadda ta ƙare. Hajiya kuwa fasfo ɗinta da bizarta. Bizar Umara yanzu tana ba da damar zagaya biranen ƙasar, sai dai ka duba kwanakin da suka rage mata tun kafin ku tashi.

Mutum shida, ga tsohuwa a ciki, ni shiƙƙa mafrusha zan ce ka kama, wato gidan haya mai kayan ɗaki da kicin. A otal sai ka kama ɗaki biyu, ga kuɗin abinci sau uku a rana, kuma ka san Hajiya ba za ta yi mako tana cin kabsa da burodi ba tare da ta yi magana ba. A shiƙƙa maiɗakinka za ta tuƙa tuwo, ta dama kunu da safe. Ku tafi da kuka da daddawarku.

Sai sanyi, wanda shi ne mutanen Madina da Makka suka fi rainawa. Daren Janairu a Tabuka yakan kai sifiri, har ƙanƙara kan sauka a dutsen Jabalul Lauz da ke lardin wasu shekarun. Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka hau ɗakin da kanka: kunna na'urar ɗakin ka ji ko tana ba da ɗumi, don wasu sanyi kawai suke hurawa, ka buɗe famfo ka jira ruwan zafi, ka ƙirga barguna. In babu lif, kada ka karɓi bene saboda gwiwoyin Hajiya.

Wajen ciniki ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin baladiyya, wato na hukumar gari. Mai mako guda yana da bakin neman ragi. In sun karɓi kuɗin ajiya, wanda suke kira ta'amin, a rubuta maka a rasit. Idan aka saɓa alkawari, lambar wayar ma'aikatar yawon buɗe ido 930 ce.

In ka samu masauki a tsakiyar gari, Masallacin Tauba, inda ake cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, yana kusa da tsohuwar ganuwar Turkawa ta 1559. Ka kai Hajiya da hantsi, bayan rana ta ɗan yi zafi.