Ƙaramar Mota da Hanyar Ngaundere

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, na tara kuɗin sayen Toyota Yaris ta hannu domin in daina hawa babur da yara, amma maigidana ya ce ƙaramar mota makara ce mai taya. Shin yana da gaskiya? Nakan je Ngaundere wajen iyayena lokacin hutu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar maigida tana da tushe. Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, marar nauyin ce take shan wahala, kuma wadda nauyinta rabin na ɗayar ne, girgizar da mutanen cikinta za su sha ta ninka ta waɗancan sau biyu. A shekarar 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gwara Yaris da Camry, wadda ta fi ta girma da nauyi, gaba da gaba, kowace tana gudun kilomita 64 a awa, sai Yaris ta lotse har zuwa mazaunin direba.

To amma ki duba abin da kike bari. A kan babur babu ƙarfen da ya kare ku, babu bel, ɗan gogar da za ta fasa fitilar mota kawai tana iya karya ƙafar yaro. A zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa makaranta ko kasuwa, ni dai ban ga dalilin fasa sayen motar ba.

Hanyar Ngaundere ce abin tsoro, domin ita tireloli suke bi da kayan da jirgin ƙasa ya sauke, su nufi Kusseri da Njamena, kuma a gaban tirela Camry ɗin ma ba komai ba ce. Abin da yake hannunki shi ne gudu, saboda idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Ki tashi da safe, kada dare ya same ki a kwane-kwanen dutsen da ke gab da Ngaundere, kuma kada ki wuce babbar mota sai kina hango gabanki sarai.

Kafin ki biya, bakaniken da kika yarda da shi ya duba birki da tayoyi, ya tabbatar ba a cire jakar iskar sitiyari ba, domin wasu motocin hannu sun taɓa haɗari an gyara an shafe da fenti. Yara kuwa a kujerar baya, kowa da bel ɗinsa, ba a kan cinya ba.