Fatawa: Ribar mai lotisma da hukuncin sayen parsel biya kaɗan-kaɗan

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin makaranta ne a Yamai, ina haya da iyalina a unguwar Talaje. Wani kamfani ya buɗe babban lotisma, wato ƙasar da aka yanka filaye-filaye don sayarwa, a bakin gari ta hanyar Filinge, ya ce sabuwar unguwa zai kafa, da tituna da ruwa da wuta da masallaci da makaranta da kasuwa. Parsel, wato filin gida guda, mai murabba'in mita 300 tana da farashin kuɗi hannu, tana da na biya wata-wata cikin shekara uku, wanda ya fi tsada, kuma wanda ya makara ana ɗora masa tara. Suna kuma sayar da gidajen da ba a gina ba tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai, na ji gonakin gero ne suka saya da araha a hannun mutanen ƙauye, ga shi suna sayarwa ninkin ba ninkin. Wannan riba halal ce? In na saya ina da laifi? Ƙanena ma yana yi musu dillanci.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, Allah ya sa ka fita daga haya lafiya. Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake, don haka mu fara da inda kuɗin mai lotisma ke fitowa.

Da hekta yake saye, da mita yake sayarwa. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. In aka cire tituna da filayen jama'a, a ce misali saura 7,000, to an sami parsel 23 irin wadda kake so. Tsakanin sayen da sayarwar yana kashe kuɗi: ladan jeyometir da zai auna ya kafa borna, wato alamun iyakar fili, neman izinin hukuma, share hanya, zuba latirit (jar ƙasar hanya), jawo turakun kamfanin wuta NIGELEC da bututun ruwa. Amma ribarsa mai gwaɓi tana cikin abin da ya ƙi sayarwa da wuri. Yana sakin kashin farko da rahusa don mutane su zo su yi gini, ya riƙe na kusurwa da na bakin babban titi da wurin shaguna. Ranar da unguwa ta cika, aka fara kiran salla a masallacinta, sai ya fito da su a farashin da ya ga dama. Ga kuma ƙarin da ke kan masu biya wata-wata, ga amfanin kuɗinsu da ke shigowa tun kafin a gama aiki, wanda ke hutar da shi cin bashin banki. In yana gini, ga ribar gini.

Asalin wannan duka halal ne. Allah ya ce: "Kuma Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba" (Baƙara, 275). Ribar da ayar ta haramta ita ce kuɗin ruwa, ba ribar ciniki ba. Shari'a ba ta yanka wa ribar ciniki iyaka ba. Buhari ya ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi, ya sayi filin Gaba kusa da Madina a kan 170,000, bayan rasuwarsa ɗansa Abdullahi ya sayar da shi 1,600,000, sahabbai ne ma suka saya. Saboda haka yawan ribar kaɗai ba ya haramta komai, kuma jinkirta sayar da fili ba ya shiga ɓoye abinci da aka hana. Inda ake faɗawa haram shi ne yadda ƙasar ta shigo hannunsa, da abin da ya miƙa maka a madadin kuɗinka.

Gonakin da ke kewaye da Yamai galibi na gado ne, kuma da yawa ba a raba su ba. Sai babban wa ya sa hannu shi kaɗai, ƴan'uwa mata suna ɗakunan mazajensu ba su sani ba, marayu ba su balaga ba. A mazhabar Malikiyya wanda ya sayar da abin wani, cinikin yana rataye ne a kan yardar mai abin. In bai yarda ba, rabonsa yana nan nasa ko an gina bene a kai. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ci taƙi guda na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi tun daga ƙassai bakwai ranar ƙiyama. Buhari da Muslim suka ruwaito. Haka in manomi ya miƙa wuya ya ce "ka saya yadda ake saye, ni ban san kasuwa ba", aka yi masa ƙarya, yana da haƙƙin warware cinikin. Amma in masu gona duka sun yarda, sun san abin da suke yi, sun karɓi kuɗinsu ko parsel ɗin da aka ayyana musu, to arahar jiya ba ta ɓata cinikin yau. Kai kuma jita-jita ba ta ɗora maka laifi. Ka tambayi mai gari da dattawan wurin. In ka tabbatar ƙwace ce, ka janye hannunka.

Ƙarin farashi saboda jinkiri ya halatta a wurin jumhurun malamai, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Sharaɗi shi ne ku rabu a kan farashi guda sananne da lokaci sananne. Tara kuwa riba ce tsagwaronta, wato kuɗin ruwa. Kuɗin ya riga ya zama bashi a wuyanka, duk abin da aka ƙara a kan bashi don an makara shi ne "ko ka biya ko ka ƙara" na zamanin jahiliyya. Kada ka ce ai ni ba zan makara ba. Sa hannu a kan sharaɗin yarda ce da shi, kuma mai albashi ya san wata ba ya kama da wata. Ka nemi su soke shi. Suna da hanyoyin halal na tsare haƙƙinsu: su riƙe filin a matsayin jingina har ka gama biya, ko su nemi wanda zai tsaya maka. In sun ƙi, ka nemi ƙaramar parsel da za ka iya biya kuɗi hannu, ko wani kamfanin. Ka kuma karanta abin da takardar ta ce game da wanda ya kasa ci gaba. Kafin alƙalami da ake cinyewa in an fasa, Imam Malik ya hana shi a Muwaɗɗa, Imam Ahmad ya halatta. Amma haɗiye biyan shekara biyu na talaka a kuma karɓe filin, wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Annabi (SAW) ya ce wa Hakimu ɗan Hizam: "Kada ka sayar da abin da ba ya wurinka." Lotisman da bai sami izini ba, ko ƙasar da ba a gama mallakarta ba, cinikin biri a sama ne. An taɓa kawo mini mutum biyu, kowa da rasit ɗinsa a cikin leda, lambar ilo (rukunin filaye) ɗaya, lambar parsel ɗaya, ɗayansu har ya sauke yashi da bulo. Don haka ka je da ƙafarka a nuna maka borna huɗu, ka duba lambar ta dace da taswirar da hukuma ta amince da ita, a rubuta ciniki a gaban notar, jami'in shaida takardu, ka san ranar da za a ba ka akt de sesiyon, takardar miƙa fili, daga baya ka nemi titir fonsiye, takardar cikakkiyar mallakar ƙasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka kuma ga wurin a watan Agusta. Mutanen Yamai ba su manta da ambaliyar 2020 ba, da abin da ta yi a unguwannin Lamorde da Kirkisoy da Saga, kuma ko nesa da kogi akwai kwari da hanyar ruwa. Mai sayarwar da ya san wuri na cin ruwa ya yi shiru ya shiga hadisin Muslim: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne filayen jama'a. Ana nuna wa mutum taswira: nan masallaci, nan makaranta, nan asibiti. Saboda su ya yarda da farashin, wato kuɗin waɗannan filaye ya riga ya shiga aljihun kamfani ta cikin kuɗin kowace parsel. Bayan shekaru sai a wayi gari an yanka filin makarantar an sayar, yara suna tsallaka babban titi zuwa wata unguwa. Wannan sayar da abu guda ne sau biyu, haram ne ga mai sayarwa, da jami'in da ya sa hannu, da mai sayen da ya sani. Ruwa da wuta da titin da aka yi alkawari su ma ɓangaren abin sayarwa ne. A rubuta su da wa'adinsu. In ba a kawo ba kana da haƙƙin fasawa a mayar maka da kuɗinka, ko ku daidaita a kan ragi.

Gidan da ba a gina ba akwai saɓani. Malikiyya ba su yarda da salam, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, a kan ƙasa da gidaje ba, Shaihu Halil ya faɗa a Muhtasar. Hanafiyya sun halatta istisna'i, wato ba da aikin ƙera abu a kan siffa, kuma majalisar da na ambata ta ɗauki wannan a 1992, har da biyan kuɗin kashi-kashi. Da shi nake ba da fatawa saboda buƙatar mutane, muddin filin mallakar kamfanin ne, an ayyana shi, an rubuta yawan ɗakuna da irin bulo da ƙarfe da rufi da ranar miƙa makulli. A nan ya halatta a sa wa kamfani tara in ya makara ba da uzuri ba, domin abin da ke kansa aiki ne, ba bashin kuɗi ba.

Ladan dillanci halal ne. Buhari ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Ka gaya wa ƙanenka kada ya ce "saura uku kacal" alhali ilo guda na nan ba a taɓa ba, kada ya ɓoye kwari, kada ya yi alkawarin ruwan da bai ga bututunsa ba. In ya gano ana sayar da parsel sau biyu ko filin jama'a, ya bar aikin. Parsel ɗin da ka saya don ka zauna babu zakka a kanta. Filayen kamfani kuwa hajar kasuwanci ce, zai ƙiyasta su duk shekara ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Wallahu a'alam.