Zanen BPMN kaɗai zai fitar mana da manhajar rabon taki?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni nake riƙe da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan Kura, muna ba da taki bashi a biya da kaka. Wani ɗan kwangila ya ce in muka zana tsarin aikinmu da BPMN, wato salon zana matakan aiki da akwatuna da kibiyoyi, injin kwamfuta zai fitar da fom-fom ɗin duka da kansa, sati ɗaya an gama. Shugabanni har sun fara zancen biyansa, ni kuma gabana faɗuwa yake, don in abu ya ɓaci ni za a kama. Gaskiya ne ko damfara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Tun da OMG, ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar BPMN, ta fitar da BPMN 2.0 a 2011 injuna irin su Camunda da Bonita ke iya tafiyar da zane kai tsaye, duk akwatin da aka ce aikin mutum ne ya zama fom a gaban mai wannan aikin. Amma abin da zanen yake faɗa kawai shi ne wa zai yi me, kuma bayan wa. Bai san fom ɗinku yana buƙatar girman gona, ko kamfa ce ko yuriya, ko sunan mai tsaya wa manomi ba. Wannan sai kun rubuta tsarin bayananku daban.

Abin da ke ƙona min rai, kuma kullum sai na gamu da shi, shi ne a ɗauka zane shi ne aikin. Ana zaunar da ciyaman a ofis ya faɗi yadda ya kamata abu ya tafi, manomi ya nema, sakatare ya amince, mai sito ya bayar, shi ke nan a zana kibiyoyi a tafa. Babu wanda ya taka sito ranar rabo. To an amince wa Malam buhu 4, a sito saura 3, fom ɗin da injin ya haifa maɓalli ɗaya gare shi, "an bayar", don a zanen babu mararrabar da ta ce kaya za su iya gazawa. Mutane sun yi layi cikin rana, mai sito zai danna ne kawai ya ce a zo a karɓi ɗayan jibi, jibi kuma an manta, da kaka kwamfuta ta ce ana bin bawan Allah buhu 4, kuma wa zai yi musu da kwamfuta? Ko ya aiko ɗansa, babu gurbin wakili. Ko sakatare ya tafi jana'iza aiki ya tsaya, sai ya bar wa mai sito lambar sirrinsa, mai amincewa da mai bayarwa sun zama mutum ɗaya. Wallahi haƙƙin talaka ne ake ci da sunan zamani, kuma masu sayar da "sati ɗaya" ba sa nan ranar da za a je gaban dagaci.

Sai batun sabis, injin yana kan saba (server) ne, wato kwamfutar da waya ke haɗuwa da ita ta netwok, in netwok ya ɗauke fom ba zai buɗe ba. Manhajojin cike fom a waya irin su KoboCollect da ODK suna aiki babu intanet, tambayi ɗan kwangilar nasa fa.

Kafin a ba shi ko sisi, ka zauna da mai sito da littafin bara, ku tsamo duk inda aka soke ko aka yi rubutu a gefe, a sa su cikin zanen. Sannan ya gwada buhu 4 da 3 ɗin nan a gaban shugabanni, da wayar mai sito, a cikin siton.