Yarana Sun Gudu Kabu-kabu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi a Mabera, Sakkwato. Cikin wata uku yara huɗu sun bar min aiki sun koma kabu-kabu, alhali naira 25,000 nake ba kowa a wata, ga burodin karin kumallo. Shin lalaci ne ya kama samarin yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi ba na ganin lalaci a nan. Yaron da zai yini bisa babur cikin ranar Sakkwato ta watan Afrilu, daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Arkilla, ba raggo ba ne. Lissafi ya yi. Raba 25,000 gida talatin, ko naira 850 ba ta kai ba a yini. Ya tashi kafin asuba, ya tsaya gaban tanda gumi na zuba, sannan abin da ya samu bai cika masa kwanon shinkafa ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, kai ma ka gani a buhun fulawa. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 daga 30,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaranka da shi suke auna kansu.

In ƙari mai yawa ya fi ƙarfinka, ka koma biyan mako, kowace Alhamis, ka ɗora wani abu kan kowane buhun da aka kwaɓa. Ka zauna da mutum biyun da suka fi daɗewa, ka ji nawa zai tsayar da su.