Filin Tambayoyin Masu Karatu: Haruffan da Ba a Furtawa da Sauran Rikicin Turanci

Tambaya: Malam, me ya sa ake rubuta "k" a farkon "knife" da "knee" alhali ba mai furta ta? Haka ma "b" a cikin "debt". Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, haruffan nan biyu ba hanya ɗaya suka biyo ba. Ita "k" a da ana furta ta sarai, domin mutanen Ingila na wancan zamani suna haɗa ta da "n" su fitar da su tare, kamar yadda Jamusawa suke yi har gobe idan za su ce "Knie", wato gwiwa. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, kuma daga nan rubutu ya soma tsayawa wuri guda, tunda abin da aka buga da yawa ba ya sauyuwa da sauƙi. Baki kuwa bai jira takarda ba. Wajen ƙarni na 17 aka daina furta "k" ɗin, ta zauna a rubuce kamar kangon da masu shi suka tashi.

Ita kuwa "b" ta "debt" ba a taɓa furta ta a Turanci ba. Kalmar ta shigo ne daga Faransanci a matsayin "dette", sai masana na baya suka cusa mata harafin don kowa ya gane cewa kakarta "debitum" ce ta Latin. Haka suka yi wa "doubt". A ganina iyayi ne kawai, kuma har ya kai su ga kuskure, domin "s" da suka saka wa "island" sun saka ta ne bisa zaton ta fito daga "insula", wato tsibiri a Latin, alhali tsohuwar kalmar Turanci ce da ba ta haɗa dangi da ita ba.

Tambaya: Malam, an gyara mini da na ce "borrow me your pen". Ina laifina? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Hausa ce ta ja ka, domin mu da kalma ɗaya muke cewa "na ari littafi" da "ara mini littafi". Turanci ya raba su: mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa kuma "lend". Sai ka ce "lend me your pen", ko "may I borrow your pen?"

Tambaya: Tsakanin "colour" da "color", wanne ne daidai? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Duka biyun daidai ne, Malam. Na farko rubutun Birtaniya ne, wanda ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara wa ƙarfi, na biyu kuma na Amurka ne. Noah Webster, wanda babban ƙamus ɗinsa ya fito a 1828, ya so Amurkawa su tsaya da ƙafarsu a rubutu kamar yadda suka tsaya a mulki, shi ya sa ya zaɓi "color" da "center". Ba duk gyaransa aka karɓa ba. Ya so a rubuta "tongue" a matsayin "tung", jama'a suka yi biris da shi. Abin da za ka hana ɗalibanka shi ne gauraya su a takarda ɗaya.

Tambaya: Da gaske ne "magazine" Larabci ce?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Asalinta "makhazin", jam'in "makhzan", wato ɗakin ajiya. Ta bi ta Italiyanci da Faransanci kafin ta isa Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, inda ta fara da ma'anar wurin ajiye kaya, musamman makamai da albarushi. A 1731 Edward Cave ya fara buga The Gentleman's Magazine a Landan, yana nufin rumbun da aka tara rubuce-rubuce iri-iri, sunan kuma ya bi duk mujallun da suka biyo baya. Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace ba, domin har yanzu da wannan kalma soja yake kiran gidan harsashin bindigarsa.